Bindigar Ƴan Lakwal: Yadda Faransa Ta Zaɓa wa Yaranta Makamin Koyon Harbi

Duk malamin da ya bi ta makarantar horon malamai a ƙasar nan ya ji sunan Jules Ferry, ya kuma haddace cewa dokokinsa na 1881 da 1882 su suka mai da lakwal ta Faransa kyauta, tilas, kuma ba ruwanta da coci. Abin da ba a cika gaya mana ba yana cikin sashen farko na dokar 28 ga Maris 1882, inda aka jera darussan firamare. Bayan karatu da rubutu da lissafi da tarihi, sai dokar ta ware wa ƴan mata ɗinki, ta ware wa yara maza atisayen soja. Daga nan wata tambaya ta taso wadda ta sha kan ministoci da hafsoshi da maƙera har fiye da shekara 10: wace irin bindiga ce ta dace da hannun yaro mai koyo? Amsar da suka samu ita ce har yau ake aiki da ita a wuraren koyon harbi na duniya, kuma hanyar da aka bi kafin a same ta tana da abin da za ta faɗa wa mai riƙe da alli.

Harsashin da ba ya da albarushi

Tun kafin a yi maganar lakwal, wani maƙerin bindigogi na birnin Pari, Louis-Nicolas Flobert, ya ƙago a 1845 wani ɗan harsashi wanda ya sauya sana'ar. Ya ɗauki ƴar hular tagullar nan da ake ɗora wa bindiga don ta kama wuta, ya yi mata leɓe, ya cusa mata ƙwayar darma a baki. Babu albarushi a ciki ko kaɗan, maganin da ke gindin hular shi kaɗai ke tura ƙwayar. Saboda haka ƙararsa ba ta da yawa, ba ya zuwa nesa, kuma bindigar ba ta naushin kafaɗar mai harbi. Masu hali suka riƙa harbin nishaɗi da ita a cikin lambu, har ma a cikin falo. Faɗin ƙwayar da aka fi sani milimita 6 ne.

Amurkawa suka ɗauki dabarar suka ƙara mata ƙarfi. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya tsawaita kwanson, ya zuba masa ɗan albarushi. A 1887 kuma kamfanin Stevens ya fito da harsashin da ake kira .22 Long Rifle, mai faɗin milimita 5.6 da nauyin ƙwaya kimanin giram 2.6. Shi ne har gobe harsashin gasar mita 50 a wasannin Olamfik. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi mai karatu: yana kashe mutum, kuma yana iya wuce kilomita 1 idan bai sami abin da ya tare shi ba.

Bataliyoyin lakwal

A yaƙin 1870 zuwa 1871 Purusiya ta karya Faransa, ta karɓe Alzas da wani yanki na Loren. Wannan kunya ta zauna a zukatan waɗanda suka kafa Jamhuriya ta Uku, kuma ra'ayi ya bazu cewa tun daga aji Jamusawa suka ci yaƙin. Mutane irin su Paul Bert, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi, suka ce to bari su ma su fara shirin fansa daga aji. Ran 6 ga Yuli 1882 aka sa hannu a kan kudurin da ya kafa bataliyoyin lakwal. Makaranta, ko makarantun da suka haɗu, idan suna da yara daga 200 masu shekara 12 zuwa sama, suna iya kafa bataliya da tutarta da mai horar da ita.

Bindigar da aka fara zaɓa musu ƙaramin kwafi ce ta bindigar sojan lokacin, wato Gras ta 1874. An rage mata tsawo da nauyi daidai da jikin yaro, amma galibin waɗanda aka raba don atisaye ba su harbi sam. Kamanni ake so. Yara suka sa hula da riga irin ta sojan ruwa, suka koyi saɓa bindiga da sauke ta, suka yi fareti a titunan Pari ran 14 ga Yuli, iyaye na tafi.

Abin bai yi ƙarko ba. Hafsoshi suka lura cewa yaron da ya yi shekaru yana wasan soja yakan zo bariki da miyagun ɗabi'u waɗanda sai an sha wuya kafin a kankare su. Limaman coci suka yi ƙorafin cewa atisayen Lahadi yana hana yara zuwa ibada. Hukumomin garuruwa suka gaji da kuɗin tufafi da na masu horo. Bayan rikicin Janar Boulanger na 1889, wanda ya nuna wa ƴan jamhuriya haɗarin son soja fiye da kima, sai zafin abin ya huce, zuwa wajen 1892 bataliyoyin sun watse. An ba yaro abin da ya yi kama da makami, an koya masa tafiya da shi, ba a koya masa abin da makamin ke yi ba.

Mita 10 a farfajiyar makaranta

Gwamnati ba ta bar maganar ba, sai dai ta sake lale. Ran 27 ga Yuli 1893 ma'aikatar ilimi ta fitar da umarnin da ya shigar da koyon harbi a firamare, ga yaran da suka haura shekara 10, a nisan mita 10, da bindigar Flobert. Tarayyar ƙungiyoyin harbi ta Faransa, wadda aka kafa a 1886, ta ɗauki nauyin gasa tsakanin makarantu, kuma cikin shekarun 1890 aka yaɗa wata ƴar bindiga mai suna La Française, mai cin harsashin milimita 6, wadda aka yi wa siffar bindigar soja ta Lebel. A ƙauyuka da yawa malamin aji da kansa shi ne mai koyar da harbin.

A nan ne aka tsai da sifofin bindigar mai koyo, kuma kowace sifa tana da dalilinta. Ta farko ita ce tsawon gindi. Idan gindin bindiga ya fi ƙarfin hannun yaro, sai ya ja kafaɗa baya, ya karkata wuya don ya ga saiti, ya saba da tsayuwar da ba za ta taɓa ba shi daidai ba. Nauyi ma haka: bindigar da ta yi masa nauyi bakinta rawa zai riƙa yi, kuma bakin da ke rawa yana iya juyawa ga wanda ke gefe.

Ta biyu ita ce rashin naushi da rashin ƙara. Yaron da bindiga ta bugi kafaɗarsa a harbin farko, ko ƙara ta firgita shi, zai koyi rufe ido da fizgar kunama tun kafin harsashi ya fita. Masu koyarwa sun san cewa cire wannan tsoro ya fi koyar da sabon ɗalibi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan aka tanƙwara shi ba daidai ba haka zai bushe.

Ta uku, wadda ta fi sauran muhimmanci, ita ce bindigar ta zama mai cin harsashi ɗaya tak. Harsasai suna wurin malami. Yakan miƙa guda, yaro ya ɗura, ya auna, ya harba, ya buɗe sakata kwanso ya fita, malami ya ga cikin bindiga fayau, sa'an nan ya miƙa na biyu. Da wannan tsari malami ya san a kowane lokaci bindiga nawa ce ke da rai a gabansa. Shi kuma yaro, da yake ba ya da harsashi na biyu da zai gyara kuskuren na farko, dole ya natsu, ya riƙe numfashi, ya matsa kunama a hankali. Jinkirin bindigar shi ne darasin.

Ta huɗu ita ce araha. Ƙwarewa sai da ɗaruruwan harbi, kuma makarantar ƙauye ba ta iya sayen harsashin yaƙi. Ɗan harsashin Flobert ya sa abin ya yiwu da kuɗi kaɗan, da allon ƙarfe ko tudun ƙasa a bayan abin da ake auna.

Ingila da Amurka

Ingila ta bi sawu bayan yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902, inda manoman Afirka ta Kudu suka nuna wa sojanta iya saiti. Lord Roberts ya tsaya tsayin daka a kan kafa ƙungiyoyin harbi da ƙaramin harsashi, aka kafa ta farko mai haɗa su a 1901.

A Amurka kasuwa ce ta ja ragama. Kamfanoni suka yi ta ƙera ƙananan bindigogi masu cin harsashi ɗaya don yaran gona, irin su Stevens Favorite, har aka san su da sunan bindigar yaro. A 1918 kamfanin Winchester ya kafa ƙungiyar matasa maharba, a 1934 ya fito da samfurinsa na 67, wanda bayan an ɗura harsashi an rufe sakata, sai an ja wani ƙulli a baya da hannu kafin ya yarda ya tashi. Wannan mataki yana ƙara wa yaro lokacin tunani.

Sai dai bindigar da ta fita daga hannun malami ta shiga kanti, ta rabu da rabin tsarinta. Daga 1996 aka fara sayar da wata mai suna Crickett, wadda duk sifofin nan sun cika a jikinta: gajera, marar nauyi, harsashi ɗaya, ga ƙullin da ake ja da hannu, ga launuka masu jan hankalin yara. A ƙarshen Afrilun 2013, a wani ƙauye na jihar Kentaki, yaro ɗan shekara 5 ya ɗauki irin wannan bindiga da aka ba shi kyauta, ya harbe ƙanwarsa ƴar shekara 2. An jingine ta ne a lungun ɗaki, mutanen gida ba su san an bar harsashi a ciki ba. Maƙeri ya rage gindi, ya rage nauyi, amma ba ya iya ƙera mutumin da ke ƙirga harsasai.

Abin da ya shafe mu

A shekarun da Faransa ke auna kafaɗar yaranta, ita da sauran ƙasashen Turai sun zauna sun yanke wace bindiga ce ta dace da mu. Yarjejeniyar Burusel ta 2 ga Yuli 1890 ta hana sayar da bindigogin zamani ga mutanen Afirka tsakanin layi na 20 a arewa da na 22 a kudu, ta bar musu bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki. Damagaram da Maraɗi da Tawa duka suna cikin wannan yanki. Ba kuwa baƙin bindiga ba ne mutanen nan: Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, maƙeransa sun zuba igwa, an kuma haɗa albarushi a birninsa. Amma a watan Yulin 1899, da rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da ta Faransa a Tirmini, tazarar da ke tsakanin makaman biyu ta bayyana cikin yini ɗaya.

Yaron da ya shiga bataliyar lakwal a 1882 yana da shekara 12, ya cika 29 a shekarar Tirmini. Wanda ya fara harbin mita 10 a 1893 yana da shekara 10, ya cika 31 a 1914, lokacin da aka kira tsararsa zuwa ramukan yaƙin duniya na farko, inda Faransa ta rasa soja kimanin miliyan 1 da dubu 400. Ƴar bindigar da ba ta naushi, ga inda masu zaɓenta suka nufa da ita tun farko.

Kammalawa

Yau makarantun harbi na wasa, a Faransa da sauran wurare, sun ƙara sassautawa: da bindigar iska suke fara wa yaro, mai ƙwaya milimita 4.5, kuma nisan bai sauya ba, mita 10 ne kamar na 1893. Tun 1984 wannan harbi ya shiga wasannin Olamfik. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin maharban ƙasar Hausa ba su fara miƙa wa yaro kibiya mai dafi, da ɗan baka da kunda marar tsini yake farawa a kan tsuntsaye, yana bin bayan babba shekara da shekaru.

A ƙasarmu riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma wannan rubutu ba kira ba ne a kawo ta farfajiyar lakwal. Amma mu da muke koyarwa a kudancin Maraɗi da Tawa, inda ƴan bindiga suka addabi garuruwan kan iyaka a ƴan shekarun nan, mun san cewa samari da yawa makami yana zuwa hannunsu ba tare da kowa ya tsaya a bayansu ba, kuma mai zubo harsasai ne, ba mai cin guda ba. Tarihin nan ya nuna hukumomi sun yi shekaru suna gardama a kan tsawon gindi da faɗin ƙwaya, suka dace da amsa mai kyau. Tambayoyin da suka fi nauyi su ne wa ke riƙe da harsashin, kuma me yake so yaron ya zama idan ya girma. Waɗannan ba a taɓa ba maƙeri su ya amsa ba, a wuyan iyaye da malamai da masu mulki suke.