Daidaita Kaya a Hanyar Wudil

Tun kafin zuwan mota, fataken da ke tsallaka kogin Wudil zuwa Kano sun san cewa karkacewar kaya ta fi nauyinsa cutar da dabba. Shi ya sa ake ɗora wa jaki akumari, wato shimfiɗar da ke kare gadon bayansa, sannan a aza mangala, buhu mai aljihu biyu da ake cikawa daidai wa daida, domin idan ɓari ɗaya ya rinjaya kayan kan zame, bayan jakin ya yi gyambo.

Da amalanken shanu ya yaɗu a ƙarni na 20, matsalar ta koma kan karkiya, itacen da ke haɗa wuyan bijimai da sandar ja. Idan aka jibge buhuna a gaba nauyin yakan danne wuyansu, idan kuma aka tura su baya sandar takan ɗaga sama, igiya ta shaƙe su; saboda haka gwani kan jera mafi nauyi bisa ƙafafun amalanken, ya ɗan rinjayar da shi gaba. Masu lodin shanu a tirela ranar Juma'a a karar Wudil wannan lissafin suka gada, ko da yake gaggawar ciniki takan sa a tauye shi.