Kalmar Kamance Ba Ita Ce Kamantawa Ba: Gyara ga Wata Ƙa'idar Aji

Akwai ƙa'idar da malaman Turanci ke ba ɗalibi tun yana ƙaramar sakandare: in ya ga like ko as a jimla, kamantawa ce, in babu su, siffantawa ce. Wani abokin aikina yana kare ta da ƙarfi, hujjarsa kuwa ita ce ɗaliban da ake shiryawa jarrabawar WAEC da NECO ba su da lokacin dogon bincike. A ganina ƙa'idar tana gurgunta abu biyu a lokaci guda, adon harshe da nahawu.

Batun cewa kowane kamance yana da abin da ake kamantawa da abin da ake kamanta shi da shi tsohon zance ne (Richards, 1936). Malaman balagar Larabci sun riga shi, sun ƙara rukunai biyu: kalmar kamance da fuskar kama. Fuskar kamar nan ita ce ƙa'idar aji ta jefar. Ɗauki He works as a driver. Akwai as, amma ba a kamanta kowa da komai ba, sana'ar mutum aka faɗa. A As she entered, we stood, as kalmar mahaɗi ce mai nuna lokaci. A I like mangoes kuwa, like aikatau ce zalla. Ɗalibin da aka horar da farautar kalma zai ja layi a ƙarƙashin dukkansu, don ba a taɓa tambayarsa aikin da kalmar ke yi a jimla ba. Ko a Hausa, wanda ya ce zai iso kamar ƙarfe biyu kintace ya yi.

Abokin nawa yana cewa waɗannan misalai na zaɓo su ne don in kayar da shi, kuma mai tsara tambaya ba ya kawo irinsu. Da ɗan gaskiyarsa. A tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, inda aka riga aka tace jimlolin, ƙa'idar takan ci. Amma takardar adabi tana kawo wa ɗalibi waƙar da bai taɓa gani ba, can kuwa babu mai tace masa. Yana kuma cewa yaro sai ya yi rarrafe kafin ya miƙe. Na yarda, in dai akwai ranar da za a gaya masa ƙa'idar ta wucin gadi ce. Abin da nake gani shi ne ana kai shi ajin ƙarshe da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibinmu ya zo da ilimin da ya zarce ƙa'idar. Ɗangambo (2007) ya kasa kamantawa zuwa kamancen daidaito da na fifiko da na kasawa. "Maganarta ta fi zuma zaƙi" kamance ne na fifiko, babu "kamar" a ciki, haka ma sweeter than honey babu like babu as. Wanda ya karanci balaga a Islamiyya kuma zai kira "Audu zaki ne" tashbihi, wato kamantawa, alhali malamin Turanci siffantawa yake so ya ji.

Ba zan ce gyaran nan zai ɗaga sakamakon jarrabawa ba. Iyakar da'awata ita ce tambaya biyu su riga ƙa'idar zuwa allo: wane rukunin nahawu kalmar take a wannan jimlar, kuma ta wace fuska abubuwan biyu suka yi kama.