BABI NA UKU: TARIHIN GIƁIN DA KE CIKIN LITTATTAFAN HORAR DA 'YAN DABO MASU YI WA YARA WASA A INGILA DA AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar dabo da rabe-rabensa, inda aka nuna cewa wanda wannan bincike ya sa gaba shi ne na rufa ido, wato wanda ake yi da saurin hannu da kayan aiki na musamman domin nishaɗi, ba tare da tsafi ko sihiri ba. Shi kuwa wannan babi zai bi diddigin rubuce-rubucen da aka yi domin koyar da wannan sana'a a ƙasashen Ingila da Amurka. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, an share fiye da shekara 300 ana rubuta littattafan da ke horar da hannun ɗan dabo, amma ba a mai da hankali ga yaron da ke zaune yana kallo ba sai a tsakiyar ƙarni na 20, kuma har yanzu da sauran aiki.

3.1 Rubuce-Rubucen Farko

Littafin da aka fi ambata a matsayin na farko da ya bayyana dabarun dabo cikin Ingilishi shi ne The Discoverie of Witchcraft na Reginald Scot, wanda ya fito a shekarar 1584. Manufar Scot ita ce ya kare mutanen da ake zargi da maita, don haka ya tona yadda ake wasa da ƙwallaye da sulalla da karta, domin a gane cewa dabara ce kurum. Bayan shekara 50, wato a 1634, aka buga Hocus Pocus Junior, wanda shi kam an shirya shi ne domin mai son koyo. Duka littattafan biyu sun dubi ɗan dabo ne a matsayin mai wasa a kasuwa ko a mashaya, gaban manya.

Wannan ba ya nufin ba a yi wa yara dabo a da. Alal misali, a watan Disamba na 1843, mashahurin marubucin nan Charles Dickens ya yi wa yara dabo a wajen bikin zagayowar ranar haihuwar 'yar abokinsa, har ya fitar da dafaffen abinci daga cikin hula. Ke nan al'adar ta riga rubutun nisa.

A shekarar 1876 wani lauya mai suna Angelo Lewis, wanda ya yi amfani da laƙabin Professor Hoffmann, ya fitar da Modern Magic. An fara buga shi ne kashi-kashi a wata mujallar yara maza. Abin lura a nan shi ne, yaro ya shigo cikin lissafin marubuta, to amma ya shigo ne a matsayin ɗalibin da zai koyi dabo, ba a matsayin ɗan kallon da ya kamata a nazarci halinsa ba.

3.2 Zamanin Ƙungiyoyi Da Manyan Littattafai

Da shigowar ƙarni na 20 sana'ar ta sami tsari. An kafa ƙungiyar Society of American Magicians a birnin New York a 1902, sai Magic Circle a Landan a 1905, sannan International Brotherhood of Magicians a 1922. A wannan zamani ne aka samar da littattafan da har yau ake ɗaukarsu ginshiƙai. Akwai The Expert at the Card Table na 1902 a kan karta, da Our Magic na Nevil Maskelyne da David Devant na 1911 a kan falsafar wasan dandamali. A ƙarshen shekarun 1920 Harlan Tarbell ya shirya darussa 60 da ake aika wa ɗalibai ta gidan waya. Daga baya kuma J. B. Bobo ya fitar da Modern Coin Magic a 1952, littafi guda a kan sulalla kawai.

Idan aka dubi waɗannan ayyuka za a ga akasarinsu sun ginu ne bisa zaton cewa ɗan kallo baligi ne, wanda zai zauna shiru, ya bi dogon bayani, ya kuma tuna katin da ya zaɓa. Yaro ɗan shekara 4 kuwa bai san bambancin sarki da sarauniya a karta ba, balle ya yi mamakin sauyawarsu.

3.3 Dalilan Samuwar Giɓin

Ana iya kawo manyan dalilai guda uku. Na farko shi ne raini. A tsakanin 'yan dabo ana auna gwaninta ne da wahalar dabarar hannu, shi ya sa aka ɗauki wasan yara a matsayin aikin sabon shiga ko na wanda ya kasa samun dandamali. Wanda kuwa aka raina aikinsa ba safai yake samun mai buga masa littafi ba.

Na biyu shi ne ɓoye sirri. Ƙungiyoyin sun tsananta wajen hana tona asirin sana'a, har ta kai David Devant, wanda shi ne shugaban Magic Circle na farko, ya rasa kujerarsa ta ɗan ƙungiya a shekarun 1930 saboda bayyana wasu dabaru ga jama'a. Wannan ya sa ilimin ya tsaya a cikin gida, bai cuɗanya da na malaman makaranta da masana halayyar yara ba. Daɗin daɗawa, Magic Circle ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya ba sai a 1991, alhali kuwa mata ne suka fi yawa a aikin reno da koyarwa a ƙananan azuzuwa.

Na uku shi ne ciniki. Shagunan da ke sayar da kayan dabo su ne kuma ke buga da yawa daga cikin littattafan. Ribarsu tana ga akwati da sanda da ƙyalle, don haka takardar da ke biyo kaya takan bayyana yadda ake sarrafa kayan ne, ba yadda za a yi da yara 30 da suka miƙe tsaye suna ihu ba.

3.4 Yunƙurin Cike Giɓin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bukukuwan yara a gidaje da makarantu sun yawaita, sai buƙata ta taso. A 1947 Eric Lewis da Wilfred Tyler suka fitar da Open Sesame a Ingila, wanda aka keɓe shi ga wasan yara. A shekarun 1950 Edwin Hooper ya kafa kamfanin Supreme Magic a garin Bideford, wanda ya yi fice wajen ƙera kayan dabon yara. Talabijin ma ya taimaka, domin shirin Mark Wilson mai suna The Magic Land of Allakazam ya gudana a Amurka daga 1960 zuwa 1964. Sai David Ginn ya fitar da Professional Magic for Children a 1976. A farkon shekarun 1990 aka fara taron shekara-shekara na masu yi wa yara wasa a Amurka, wanda aka sani da KIDabra. A 2005 kuma David Kaye ya fitar da Seriously Silly, inda ya kasa yara rukuni-rukuni bisa shekarunsu.

Muhimmin abin da waɗannan marubuta suka gano shi ne, yaro ya fi jin daɗin hanyar da aka bi a kan ƙarshen da aka kai. Misali, ɗan dabo zai miƙa wa yaro sanda, sai ta langaɓe a hannunsa. Ko kuma zomon katako ya riƙa leƙowa a bayan ɗan dabon, yara na gani suna ihu, shi kuwa yana yi kamar bai gani ba. Dariyar tana fitowa ne daga ganin babba ya shiga uku, yaro kuma ya fi shi sani.

3.5 Sauran Giɓin Da Ya Rage

Duk da wannan ci gaba, akwai fannoni uku da littattafan ba su ba su haƙƙinsu ba. Na farko shi ne sakamakon binciken masana. A 1994 Karl Rosengren da Anne Hickling sun nuna cewa 'yan shekara 4 sukan ɗauki dabo a matsayin gaskiya da wasu masu baiwa ke yi, amma 'yan shekara 5 sun fi ganinsa a matsayin dabarar da kowa zai iya koya. Bambancin shekara ɗaya tak ke nan. Ɗan dabon da bai san haka ba yana iya tsorata ƙarami, ko ya gunduri babba. Amma akasarin littattafan sana'ar sun dogara ne ga abin da marubucin ya gani a wajen aikinsa.

Na biyu shi ne kare lafiya da mutuncin yaro. A Ingila an kafa hukumar binciken tarihin laifuffukan masu aiki da yara a 2002, aka sake mata fasali a 2012 zuwa wadda ake kira DBS. Tsofaffin littattafan an rubuta su ne kafin wannan zamani, shi ya sa ake samun barkwancin da ke kunyata yaron da aka kira gaba, ko amfani da wuta da ƙananan abubuwan da yaro zai iya kwaikwayo a gida ya haɗiye.

Na uku shi ne yara masu buƙata ta musamman, kamar kurame da makafi da masu larurar galahanga, waɗanda ƙara mai ƙarfi ko fashewar balam-balam ke firgita wasunsu. David Copperfield ya ƙaddamar da shirin Project Magic a farkon shekarun 1980, amma shi ya fi karkata ne ga koya wa majinyata dabo a matsayin hanyar motsa gaɓoɓi, ba ga koya wa ɗan dabo yadda zai tsara wasansa dominsu ba.

3.6 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa daga 1584 zuwa 1947 rubuce-rubucen dabo sun fi kula da dabarar hannu da manyan 'yan kallo, saboda raini da ɓoye sirri da kuma ciniki. Daga 1947 zuwa yau an sami littattafan da suka koyar da barkwanci da shigar da yara cikin wasa, amma sanin matakan girman yaro da kare shi da kula da masu larura sun kasance a baya. Babi na gaba zai ɗauki uku daga cikin littattafan da aka ambata ya nazarci ƙumshiyarsu bisa waɗannan ma'aunai.