Ba Kowace Wuta Ce Ja Ba



A gajerun labaran da muke karanta wa juna, na lura kusan duk wutar da ta tashi ja ce. Gobara ja, wutar murhu ja, har ta aljanu ja. Ni da na tashi a Maƙera ta ƙasar Dutsin-Ma abin yana ɗan ci mini rai, domin sana'ar da sunan garinmu ke tuna wa mutum, da karatun launin wuta ake yin ta.

Maƙerin baƙi ƙarfensa yake kallo. Daga ja mai duhu ya koma ruwan goro, ya yi rawaya, ya yi fari tas, a nan ya san lokacin duka. Wannan launin zafi ne kawai. Maƙerin fari mai aikin tagulla kuwa ya san wani abu daban: wani lokaci harshen wutar kansa ke yin kore, kuma ba ƙarin zuga ya jawo ba, jan ƙarfen da ke ciki ne.

Idon mutanen yankinmu ya daɗe da wannan kore. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, a arewacin Nijar ta yau, ya tarar ana narka jan ƙarfe a cikin gidaje ana mai da shi sanduna. Ya ce ana kai shi Barno da Kubar, wadda masana da yawa ke ɗauka Gobir ce. Masu narkawar sun san launin, amma bayanin dalilinsa sai bayan shekara ɗari biyar ya fara fitowa, daga Heidelberg ta Jamus.

A can Robert Bunsen ya samar da wani murhun gas a wajen 1855, mai harshe kusan marar launi, don duk abin da aka sa a ciki ya nuna nasa. Abokinsa Gustav Kirchhoff ya ce ido na yaudara, gara a bi da hasken ta gilashi mai kusurwa uku, mai rarraba haske kamar bakan gizo. Da suka yi haka a 1859, sai ga kowane sinadari da layukansa, kamar tambarin yatsa. Sodiyam rawaya, potasiyam shunayya mai haske, jan ƙarfe kore.

Dalilin, yadda aka gane daga baya, shi ne zafi na ɗaga elektaron ɗin da ke cikin ƙwayar zarra zuwa mataki na sama. In ya sauko sai ya amayar da ƙarfin da ya sha a matsayin haske. Tazarar matakan ta bambanta daga sinadari zuwa sinadari, shi ya sa launin ke bambanta.

Abin da ya fi burge ni na gaba ne. A 1860 suka ga layuka shuɗɗa biyu da ba na kowa ba a ruwan wata maɓuɓɓuga ta Dürkheim. Sai da aka ƙafar da ruwa kusan tan 40 kafin a tara ɗan gishirin sabon sinadarin, suka kira shi sisiyam, daga kalmar Latin ta shuɗin sama. A 1861 suka ƙara rubidiyam, mai jan layi. Kafin nan, a 1835, wani masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, ya ce ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran taurari ba. Bai yi sa'a ba. A 1868 aka hango wani layi rawaya a hasken rana wanda bai dace da na sodiyam ba, Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, hiliyam. Sai a 1895 William Ramsay ya same shi a doron ƙasa.

Ku lura in miya ta zube a kan gas: shuɗin harshen nan take yake komawa rawaya. Sodiyam ɗin gishiri da kanwa ne. Rawayar wutar icce kuwa yawancinta ƙananan ɓurɓushin kunkunniya ne da suka yi zafi suna haske. Koren Takedda ma yana nan, a inda yara 'yan jari-bola ke ƙona waya don su ciro jan ƙarfe. Sinadarin kulorin da ke cikin robar ne ke haɗuwa da ƙarfen ya fito da launin sosai, hayaƙin da suke tsaye a ciki kuma guba ne ga huhu.