Makarɓan basofiresin da tasirin sinadaran sitiroyid

Makarɓan basofiresin furotin ne da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta, waɗanda ke karɓar saƙon basofiresin, sinadarin da ke hana jiki zubar da ruwa da yawa ta fitsari. Ana haɗa basofiresin a sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, sannan ɓangaren baya na fituwitari ya sake shi cikin jini. Vincent du Vigneaud, wanda ya yi aiki a kan tsarin basofiresin, ya samu kyautar Nobel a 1955.

Makarɓan iri uku ne. V1a na cikin jijiyoyin jini da hanta da ƙwaƙwalwa, V1b kuma a ɓangaren gaba na fituwitari; dukansu suna ƙara kalsiyam a cikin ƙwaya. V2 na cikin ƙoda, inda yake ƙara sinadarin cAMP, wanda ke kai furotin akwaforin-2 fatar ƙwaya domin ruwa ya koma jini.

Sinadaran sitiroyid suna shiga cikin ƙwaya kai tsaye su sauya aikin ƙwayoyin gado. Daga cikinsu, dangin kotisol suna ƙara yawan V1a a tsokar jijiyoyin jini, amma a haifotalamus rage haɗa basofiresin suke yi. Shi ya sa ƙarancin kotisol, kamar a cutar Addison, kan jawo riƙe ruwa da raguwar sodiyam a jini. A ɓeraye maza da aka dandaƙe, basofiresin na wasu sassan ƙwaƙwalwa kan kusan ɓacewa, ya dawo idan an ba su testosteron, wanda shi ma sitiroyid ne.