Ɗumama akwatunan kiwon macizai

Ɗumama akwatunan kiwon macizai hanya ce ta samar wa macizai da sauran dabbobi masu jan ciki zafin da jikinsu ke buƙata idan an ajiye su a cikin akwatunan roba da aka jera hawa-hawa a kan kanta. Ana yin hakan ne da tef na lantarki mai fitar da ɗumi, tare da na'urar daidaita zafi da ake kira tamostat. Masu kiwon mesa a Amurka da Turai da cibiyoyin tatsar dafi su ne suka fi amfani da ita.

Dalili

Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar tsuntsu ko akuya, daga muhallinsa yake samu. Idan sanyi ya yi masa yawa, abinci ba ya narkewa a cikinsa, yakan amayar da shi, kuma yana iya kamuwa da ciwon huhu. Idan zafi ya wuce kima, yakan ƙone ko ya mutu. Shi ya sa ake ɗumama gefe ɗaya kawai na akwati, domin macijin ya riƙa zaɓar inda zai kwanta. Ga ƙaramar mesar da ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin, akan sa gefen ɗumi ya kai kimanin digiri 32 a ma'aunin Selsiyas, ɗaya gefen kuma kimanin digiri 26.

Yadda ake yi

Tef ɗin siririyar leda ce mai layukan gawayi a ciki, da jan ƙarfe a bakinta biyu. Ana shimfiɗa shi a bayan kowane hawa na kantar, yadda zai taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwati. Tamostat tana da ɗan kan waya mai jin zafi da ake mannawa a jikin tef ɗin. Wani nau'inta yana kunna wuta ya kashe, wani kuma yana rage ƙarfinta a hankali.

Tef marar tamostat yana iya narkar da roba ko ya tayar da gobara. Haka ma idan kan wayar ya zame daga wurinsa, na'urar za ta ɗauka akwai sanyi ta ci gaba da ba da wuta. Saboda iska mai zafi sama take tashi, hawan sama yakan fi na ƙasa ɗumi, don haka ana auna kowane hawa daban.

A ƙasar Hausa

A yammacin Zamfara, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum, sai a daren hunturu na Disamba da Janairu ake buƙatar ƙarin ɗumi. A bazara zafi kan haura digiri 40, sai matsalar ta koma ta sanyaya wuri. Gardawa masu wasa da macizai kuwa a kwando ko akwati suke ajiye su, ba tare da lantarki ba.

Amfanin wannan fasaha ga manoman yankin yana zuwa ne ta maganin sara. Kububuwa ce ta fi kashe mutane a filayen arewacin Najeriya, sai kasa da kumurci. An riƙa kai kububuwa daga Najeriya zuwa Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool a Ingila, inda ake ajiye su a ɗakuna masu ɗumi ana tatsar dafinsu. Da shi aka haɗa maganin EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin Kaltungo na jihar Gombe. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.