Katsina Ɗaya Ce: Daga Maska Zuwa Maraɗi

Ku sani cewa wannan ƙasa ta noma da ta haɗa Funtuwa da Malumfashi, wadda magabata suke kira Katsina Laka, tushenta ɗaya da ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, Birnin Katsina ya zama cibiyar mulki da fatauci da ilimi. Sannu a hankali ikonsa ya kai Gozaki da Maska a kudu, ya kuma game ƙasar da Maraɗi take a arewa.

Rabuwar farko ta auku ne a 1807, sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi ƙaura zuwa arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka daɗe ana gwabza yaƙi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, har garuruwa da dama suka watse. Amma duk da wannan gaba, gidajen biyu ba su saki sunan Katsina ba. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai mulkin can, kamar yadda Sarkin Maska a Funtuwa da Galadima a Malumfashi suke hakiman Sarkin Katsina.

Rabuwa ta biyu Turawa ne suka kawo ta. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, aka shata iyaka, aka raba dangi gida biyu. To, amma iyaka ba ta hana masarar Funtuwa isa kasuwannin Maraɗi ba, ba ta hana dabbobin Nijar gangarowa kudu ba, balle auratayya da tafiyar almajirai neman ilimi.

Da aka rufe iyakar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, manomi da bafatake na ɓangarorin biyu suka ɗanɗana kuɗarsu tare, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Gwamnatoci kan saɓa, su kuma shirya, amma riƙon zumunci yana wuyanmu. Wajibi ne mu sanar da 'ya'yanmu cewa baƙon da ya zo daga Maraɗi ɗan gida ne. Allah Ya ƙara haɗa kawunanmu, amin.